Yadda Wayar Hannu Ke Taimaka wa Manoman Shanono Haɗa Lodi Zuwa Dawanau

Manomi a Shanono da ya samu buhu 10 na wake ko gero yana da zaɓi biyu: ya sayar wa dillali a gida da araha, ko ya ɗauki shatar mota shi kaɗai zuwa kasuwar Dawanau, kuɗin mota ya cinye ribar. Hanya ta uku ita ce haɗa lodi, kuma wayar da ke hannun matasa ta isa a tsara shi.

Mataki na 1: Tattara bayanai

A buɗe zauren WhatsApp na manoman ƙauye ɗaya ko mazaɓa ɗaya. Mutum guda ya riƙe jadawali a Google Sheets mai ɗauke da suna, irin amfanin gona, yawan buhu da ranar da kaya zai kammala. Idan mota na ɗaukar buhu 100, manoma 10 masu buhu goma-goma sun cika ta, kowa ya biya kasonsa.

Mataki na 2: Kada mota ta dawo fanko

Direban da zai dawo babu kaya yakan ɗora kuɗin dawowar a kan masu lodi. Idan masu shaguna da masu sayar da taki suka shiga tsarin, motar da ta kai hatsi za ta dawo da taki ko siminti, farashin ya sauka ga kowa.

Mataki na 3: Rubuta halin hanya

Manhajar KoboCollect kyauta ce, tana aiki ko babu data. Da ita ake ɗaukar hoton kwalbatin da ya karye ko wurin da mota ke maƙalewa da damina, tare da lambar GPS ta wurin. Wannan ya fi koke na baki ƙarfi a gaban ƙaramar hukuma ko shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, kuma Kano na cikinsa.

Dalilin da ya sa abin ya wuce ƙauye

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, sannan a Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Irin waɗannan ayyuka da kaya mai yawa suke aiki, ba da buhu biyu ko uku ba. Garin da ya san adadin abin da yake fitarwa duk kaka shi ne zai iya neman hanya da hujja.

Gargaɗi

Yankunan Shanono da ke iyaka da Katsina sun fuskanci matsalar tsaro. Kada a sanar da lokacin tashin mota ko yawan kuɗi a babban zaure. A bar wannan tsakanin direba da amintattun mutum biyu, a riƙa biya ta banki, a kuma adana rasit.