Lambu a Kan Rufin Gida

Manomin da zama ya kai shi birni, kamar Kano ko Zariya, sau da yawa ba ya samun ko taku biyar na fili a gida. Amma in gidan yana da rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, ana iya samun kayan miya a kansa.

Da farko a duba rufin. Ba a yin lambu a kan soron azara da ƙasa, domin danshi zai ruɓar da azara. Na kwano kuwa ba a ma maganarsa. Ko dekin ne, a kira injiniya ko ƙwararren magini ya duba tukuna.

Babban abin tsoro shi ne nauyi. Buhun taki cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi buhun siminti mai kilo 50 nauyi. Ruwan duro ɗaya kilo 200 ne. Saboda haka kada a zube ƙasa a kan dekin kamar fadama, kuma kada a tara kaya a tsakiya. A jera buhuna da tsofaffin jarkoki ta gefe-gefe, daidai inda bango ko ginshiƙi yake daga ƙasa. Don rage nauyi, a haɗa kwano ɗaya na ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi, ɗaya na buntun shinkafa. Ɗanyen taki yana ƙona shuka.

A huda gindin kowane mazubi, a ɗora shi bisa katako don ruwa ya wuce. Indararo kuma a bar shi a buɗe kullum, in ba haka ba ɗaki zai fara yoyo.

Alayyafo da latas da albasa ƙasa mai zurfin inci 8 ta ishe su. Tumatir da attarugu da kuɓewa suna son inci 12, gindi ɗaya a buhu ɗaya. Sabon shiga ya fara da alayyafo, cikin mako 4 ya kai tsinka.

A watan Maris da Afrilu kankare yana ɗaukar zafi ƙwarai, sai ban ruwa safe da yamma, a kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. A kewaye da zana don tare iskar hunturu. Zanan nan har wa yau shi zai hana a riƙa hango cikin gidan maƙwabta, wanda yakan jawo rigima. In rufin ba shi da katanga, kada a bar yara su hau.

Don neman iri mai kyau, a tuntuɓi malamin gona na yankinku.