Filin Shawara: Girkin Sallah Na Kaina, Ga Ciwo Ya Kwantar da Ni

Anti. Mu takwas ne ƙawaye tun makarantar kwana, kuma duk shekara muna haɗuwa washegarin Babbar Sallah a gidan ɗayarmu. Bana ni ce da girki. Kowa ta turo kuɗin karo-karo, har na je kasuwar Tarauni na yi cefane. Sai ga shi tun shekaranjiya amai da gudawa sun sa ni gaba, ga zazzaɓi, Sallah kuma saura kwana uku. Maigida ya ce a fasa. Ni kuwa kunya nake ji, kada a ce na ci kuɗi na kwanta, balle bara wadda ta karɓe mu a Hotoro ta yi bajinta. A cikinmu akwai mai tsohon ciki, akwai mai goyo. In sha magani in daure?

Ƙanwarki daga Gyadi-Gyadi

Ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Kada ki daure. Bana hannunki ba zai taɓa abincin mutane ba.

Da ciwon baya kika ce min, ko zazzaɓin cizon sauro da gwaji ya tabbatar, da sai in ce ki zauna a kujera ki riƙa ba da umarni wasu su yi aikin, domin sauro ne ke yaɗa shi, ba cokali ba. Amai da gudawa daban ne. Ta hannu suke bi su shiga abinci, kuma inda suka fi samun hanya shi ne abin da ba ya komawa kan wuta: zoɓon da kika tace, kunun ayar da kika matse, kabeji da latas ɗin da kika yanka, ƙanƙarar da kika fasa. Ƙa'idar masu kiwon lafiya ita ce mai wannan ciwo ya nisanci girka wa mutane har sai ya cika kwana 2 da tsayawarsa. In taifot ne, ƙwayar kan daɗe a jiki bayan an ji sauƙi. A Amurka an yi wata kuku, Mary Mallon, wadda aka killace a 1907 bayan an gano taifot na bin gidajen da ta yi wa girki, alhali ita garau take jin kanta.

Ba a littafi kaɗai na san wannan ba. Wata Ƙaramar Sallah na yi irin taurin kan da kike shirin yi. Ina zaune a kujera 'yar tsugunno gaban tanda, ina juya waina, jiri na ɗibata, lokaci-lokaci in ruga bayi in dawo in ɗauraye hannu sama-sama a roba ɗaya. Baƙi suka ci suka yaba. Bayan kwana biyu aka kira ni cewa yaron aminiyata, ɗan shekara biyu, yana kwance ana masa ƙarin ruwa. Na je dubiya na tarar idanunsa sun faɗa, an ɗaure masa hannu da kwali don kada allura ta goce. Uwarsa ba ta ce min komai ba har yau. Yaron ya warke, amma duk sanda na gan shi sai gabana ya faɗi. Ke kuma mai ciki da jariri za ki tara a falonki.

Fara da jikinki. Ki samu ƙullin gishiri da sukari na ORS, ki narka ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa kurɓa ko da kina amai. Kada ki aiki yaro kemis ya haɗo miki ƙwayoyi. Kwana uku da zazzaɓi ya isa a ga likita a yi gwaji. Idan bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko kin ga jini, ko fitsari ya ɗauke, wannan ba ya jiran gari ya waye. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan bakin titin Zariya, kusa da ke.

Sai maganar kunya. Abin da ke jawo zargi shi ne shiru, ko a ji labari a safiyar ranar, bayan kowa ta ɗaura ɗankwali. Yau ɗin nan ki kira wadda kuka fi girmamawa a cikinku, da bakinki, kafin ki rubuta a zaurenku na WhatsApp. Ki faɗi ciwon da sunansa, kada ki tsaya a "ba na ɗan jin daɗi", don da wannan za su ce ai za su zo su taya ki. Ki faɗi abin da kika kashe da abin da ya rage. Daga nan zaɓi nasu ne: ko wata ta karɓi girkin, a loda shinkafa da mai da kayan miya a adaidaita sahu a kai mata tare da ragowar kuɗin, ko a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Ni na fi son ɗagawar. Soyayyen naman layya ba ya lalacewa a mako guda, an kuma huta da cunkoson ranakun hawa. Tumatir da attaruhu kaɗai za a markaɗa a tafasa, kuma ba ke za ki yi ba.

Maigida ya yi gaskiya, sai dai ki roƙe shi ya ƙarasa alherin. Wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafa da suyar naman gidanku ma su fita daga hannunki bana. Ya nemo 'yar'uwa ko mai aiki tun yanzu, kafin kowa ya kama nasa. Ki ware kofinki da tawul ɗinki, sabulu kuma ya zauna a bakin bayi.

Bajintar Hotoro kuwa, ki bar ta a Hotoro. Matan da suka raba gari da ƙuli da ke a ɗakin kwanan makaranta sun san ki tun ba ki iya tuƙa tuwo ba. Ki rubuto min bayan Sallah in ji abin da gwajin ya nuna, da yadda mai cikin nan take.

Antinki