Darasi a kan Rabon Ruwa: Kogin Haɗeja da Manoman Rani

'Yan'uwa masu karatu, da yawa cikinmu manoma ne, waɗansu kuwa suna da lambu a bakin rafi. Kowane mai lambu ya san ranar da ruwa ya ƙi isowa fangalinsa domin wani ya tare shi a sama. Darasinmu na wannan wata a kan wannan magana ya ke. Za mu ɗauki kogi guda, mu ga abin da ya faru sa'ad da aka tare ruwansa, domin mu koyi yadda ya kamata a raba ruwa.

1. Yadda kogin ya ke a dā

Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa ba nisa da birnin Kano, su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Su biyu suna ratsa babbar fadamar Haɗeja da Nguru, su gamu wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe. Shi ne ya ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Difa, har ya faɗa Tafkin Cadi.

A dā kogin yana da lokacinsa. Wajen Agusta da Satumba ya kan cika, ya malale fadama. Manoma su kan shuka shinkafa, kifi ya yi ƙwai cikin ciyawa. In ruwa ya janye, a shuka wake a kan laimar da ya bari, makiyaya kuma su kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa shi ne ya ke cika rijiyoyi. Ambaliya ɗaya, amma ta ciyad da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

2. Madatsun ruwa

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Bako. A 1992 aka gama ta Calawa. Nufin mai kyau ne, gama an sha wahalar fari a 1972 da 1973. Ruwan Tiga ya bi manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Inda dā ba a noma sai da damina, aka shiga noman alkama da tumatir da shinkafa da rani. Mutanen birnin Kano kuma suka sami ruwan sha. Kada mu rena wannan alheri.

Amma madatsa ba ta haifad da ruwa, tarewa kaɗai ta ke yi. Abin da aka riƙe a sama, an rage shi ne daga rabon na ƙasa. Ambaliyar fadama ta ragu, farin 1983 da 1984 kuma ya ƙara tsananta abin. Masu bincike da suka auna amfanin fadamar sun iske cewa, in an lissafta kifi da itace da shinkafa gaba ɗaya, mudun ruwa a fadama ya fi mudun ruwa a babbar gonar ban ruwa kawo amfani.

3. Ruwa ba a lokacinsa ba

Ga wani abin da ba a zata ba. Da aka riƙa sakin ruwa daga madatsun har cikin rani, waɗansu rassan kogi ba su ƙara bushewa ba. Sai ciyawar nan kacalla, mai son ruwa kullum, ta yaɗu. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwa ya karkata wajen Marma da Nguru ya cinye gonaki, waɗansu rassa kuwa suka rasa ko kaɗan. Tsuntsayen jan baki suka sami wurin kwana cikin kacallar, suna fita suna cin hatsi. Wani ƙauye yana kukan ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa yana kukan babu. Ashe rabon ruwa ba maganar yawa kaɗai ba ce, har da maganar lokaci.

4. Wa ke da ikon rabo?

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin kula da koguna, ɗaya cikinsu ta Haɗeja da Jama'are. Amma ƙarshen kogin yana hannun wata hukuma dabam, ta Tafkin Cadi, jihohi kuma kowace da bukatarta. Kogi ɗaya, masu iko da yawa. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri cewa za su raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, gama manoman tattasai na Difa su ma da wannan kogi su ke ban ruwa. A 1993 aka yi dokar ruwa wadda ta sa kogunan da su ke ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. A 2006 jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka taru a Damaturu, suka yarda su kafa asusu domin kula da kogin tare. Ku lura, shekara 32 ke nan bayan an gama Tiga. An riga an tare ruwa tun ba a shirya yadda za a raba shi ba, gyara kuwa ya fi shiri wuya.

5. Abin da za mu koya

Abin da ya faru a babban kogi ya kan faru a ƙaramin rafi. A dā da jigo a ke ɗiban ruwa, ƙarfin mutum shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Yanzu injin ban ruwa guda yana iya zuƙe kududdufi cikin kwana kaɗan. Saboda haka masu lambu a rafi ɗaya su zauna tun da kaka, kafin a yi shuka, su shirya waɗannan: ranar kowa ta ban ruwa, wanda zai lura da layi, ranar gayya ta yashe magudana, da mashayar da za a bar wa dabbobi. A kira na can ƙarshen rafi ya yi magana da fari, gama shi ne ya kan fara shan wahala. In an shirya da baki, a rubuta a gaban mai unguwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne mutane uku ne ambaliyar dā ta ke ciyarwa?
2. Me ya sa kacalla ta yaɗu bayan an gina madatsun?
3. Su wane ne su ke shan ruwan rafinku bayan ya wuce gonarka? Ka taɓa tambayarsu ko yana isarsu?