Ruwan da Ya Yi Garau, Shi Ke Nan Ya Tsarkaka?

Filin kimiyya na wannan makon a kan ruwan sha zai yi magana, da kuma wani abu mai wuyar suna da ake kira saikulodekstirin. Ni ma sai da na yi kwana biyu ina maimaitawa kafin bakina ya iya faɗinsa, don haka a nan zan riƙa ce masa zoben sitaci.

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne ƙanena. A daminar bara famfon burtsatsen unguwarmu ya lalace, muka koma ɗibar ruwan tafki. Inna takan jefa alif a randa, kafin a jima laka ta kwanta, ruwa ya yi garau kamar na leda. Duk da haka ƙanena ya kwanta da amai da gudawa, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Alhamdu lillahi ya warke. Amma na daɗe ina tambayar kaina: ruwan da babu ko ɗigon datti a cikinsa, ta yaya zai kwantar da mutum?

Ga abin da na gano. Aikin alif shi ne ya tattara ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule, su yi nauyi, su nutse ƙasa. Garin 'ya'yan zogale ma haka yake yi. Wasu ƙwayoyin cuta sukan bi lakar su kwanta, amma ba duka ba. Shi ya sa a manyan matatun ruwa irin ta Tamburawa da ke Kano ba a tsayawa a kan alif, sai an ƙara da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. A gida kuwa sai a tafasa. Wannan ba abin wasa ba ne. A shekarar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

To, akwai wani dattin da alif ba ya kwantar da shi, tafasawa ma ba ta raba ruwa da shi. Shi ne sinadarin da ya narke. Ku tuna maganin feshin da ake yi wa wake da na kashe ciyawa. Idan ruwan sama ya wanke gona, ina ya nufa? Sau nawa kuka ga an wanke tankin feshi a bakin tafki? A nan ne zoben sitaci ya shigo.

Sitacin da ke cikin rogo da masara doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin da ake kira gulukos, kamar dogon carbi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke fitar da wani sinadari mai yanka carbin nan guntu-guntu, ya haɗa bakin kowane guntu da ƙarshensa ya zama zobe. Kada ku yi mamaki, ai bakteriya ce ke mayar da madara kindirmo, ba dukansu ne mugaye ba. Zoben da ke da 'ya'ya 6 sunansa alfa, mai 7 beta, mai 8 gama. Wani Bafaranshe mai suna Antoine Villiers ne ya fara cin karo da shi a 1891, daga baya Franz Schardinger na ƙasar Ostiriya ya ƙara bincike a kansa.

Siffarsa kamar bokitin da gindinsa ya cire. Abin da ya fi burge ni shi ne halinsa biyu ne. Bayansa yana son ruwa, cikinsa kuwa ba ya so, ya fi jituwa da abin da ke da ɗabi'ar mai. Kowa ya san mai da ruwa ba sa shiri. Saboda haka idan wani sinadari mai gudun ruwa ya zo wucewa, kuma girmansa ya yi daidai da ramin, sai ya faɗa ciki ya zauna.

Masu haɗa magunguna ne suka riga amfana da wannan. Magunguna da yawa ba sa narkewa sosai a ruwa, alhali sai magani ya narke jiki ke iya ɗaukarsa. Idan aka sa shi cikin zoben, sai zoben ya goya shi cikin ruwa, ya sake shi a hankali. Yakan kuma ɓoye ɗacin wasu magungunan, abin da na san 'yan aji ɗaya za su yi murna da shi. A Japan aka fara sayar da magani irin wannan a 1976. Akwai ma wanda zoben da kansa ne maganin, sunansa Bridion, an amince da shi a Turai a 2008. Lokacin tiyata akan ba marar lafiya allurar da ke sa naman jikinsa ya saki. Idan an gama, sai a yi masa wannan, zobban su bi jini suna cafke waccan allurar, mutum ya dawo yana motsi da numfashi da kansa.

Amma wajen tace ruwa akwai matsala. Zoben da kansa yana narkewa, idan ka zuba shi a randa to kai da shi za ku sha, har da abin da ya kama. Dabarar ita ce a ɗinke zobba masu ɗimbin yawa da juna su zama kamar raga, wadda ba ta narkewa. Irin wannan haɗi shi ake kira folima. A 2016 Farfesa William Dichtel da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell a Amurka suka bayyana wata folima ta zoben beta mai ƙofofi da yawa kamar soso. A gwajinsu ta kama sinadarai irin su bisfenol A, wanda ake amfani da shi wajen yin wasu robobi, cikin daƙiƙoƙi, ta fi gawayin tace ruwa sauri. Idan ta cika ana wanke ta da sinadarin metanol a sake amfani da ita, shi kuwa gawayin sai an gasa shi da wuta mai tsananin zafi.

Da na ji haka na ce wa malaminmu na kimiyya, ai da muna da wannan da ƙanena bai kwanta ba. Ya yi dariya ya ce in ɗauko rula. Ya ce idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, faɗin ramin zoben bai kai kaso ɗaya ba. Ƙwayar kwalara kuwa ta ninka ramin sau fiye da dubu. Kamar ka ce raƙumi ya shige cikin zoben yatsa ne. Ashe abin da ya kamata mu yi wa ruwan randarmu bai wuce tafasawa ba, kuma icen yana nan a tsakar gida. Na ji kunya, amma na gane.

Wani abu da ya tsaya min a rai shi ne, babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya, kuma daga sitaci ake yin zoben nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan kusa da mu a Kazaure. Ni dai idan Allah ya kai ni can, na san tambayar da zan fara yi. Sai dai don Allah kada wani ya koma gida ya zuba sitacin guga a randa ya ce ni na faɗa. Koko kawai zai dama.

A ƙarƙashin wannan allo mun ajiye kwalabe uku na ruwan tafki ɗaya: ta farko babu komai, ta biyu da alif, ta uku da garin 'ya'yan zogale. Ku duba su da safe, ku sake dubawa lokacin tara, ku rubuta a takardar da ke gefe wadda ta riga yin garau. Ba a sha ko ɗaya, har da wadda ta fi kyau a ido.