Matakan Ziyartar San Cristóbal de las Casas, Tsohon Garin Tsaunukan Meziko

A shekarar 2001 ma'aikatar yawon buɗe ido ta Meziko ta fara ware tsofaffin garuruwan da suka riƙe gine-ginensu da al'adunsu, ta yi musu laƙabi da Pueblos Mágicos. Yau sun haura 170. Da za a ce in zaɓa wa Bahaushe ɗaya, San Cristóbal de las Casas zan nuna masa, a jihar Chiapas mai iyaka da Gwatamala. Garin ya faɗaɗa, amma tsakiyarsa tana nan bisa zanen da Sifaniyawa suka yi mata bayan Diego de Mazariegos ya kafa shi a 1528: ƙananan tituna daɓaɓɓu da dutse, gidaje masu jan rufin yumɓu, majami'u a kowace unguwa. Sai dai ba ginin ne ya sa na zaɓe shi ba. Mutanen Tzotzil da Tzeltal ne, jikokin Maya, waɗanda suke gangarowa daga tsaunuka kullum da sassafe da kayansu a baya. Su ne masu ƙasar, kuma duk abin da zan faɗa hanya ce ta isa gare su cikin mutunci.

Mataki na 1: Ka gama da takardu tun daga gida

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Wanda ke riƙe da bizar Amurka, Kanada, Ingila, Japan ko ta yankin Schengen da ba ta ƙare ba, dokar ƙasar ta ba shi damar shiga yawon ziyara ba tare da wata biza ba, amma ka tuntuɓi ofishin jakadancin kafin ka yanki tikiti. Iyakar zaman baƙo kwana 180 ne, kuma jami'in filin jirgi ne ke rubuta adadin da ya ga dama ya ba ka. Ka duba abin da ya rubuta kafin ka bar gabansa.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Chiapas hanya ce ta baƙin haure masu neman shiga Amurka, waɗanda ke bi ta garin Tapachula, kuma akwai 'yan Afirka da yawa a cikinsu. Saboda haka jami'an shige da fice suna tare motoci a hanya, kuma baƙar fata ba ya wucewa ba a tambaye shi ba. Fasfonka na asali ya kasance a jikinka duk lokacin da za ka fita gari, tare da shaidar masauki da tikitin komawa.

Mataki na 2: Hanya

Jirgin Turkish Airlines yana zuwa birnin Meziko daga Istanbul. Idan ta Turai za ka bi, ka sani ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Daga birnin Meziko ka hau jirgin cikin gida zuwa Tuxtla Gutiérrez, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, sannan mota ta haura da kai tsauni cikin awa ɗaya da ɗoriya. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa bakwai.

Mataki na 3: Ka ba jikinka kwana biyu

Tuxtla gari ne mai zafi, amma San Cristóbal yana kan tudu mai kusan mita 2,200 sama da teku. Za ka ji numfashi yana sarƙewa idan ka hau matakala, ƙila da ciwon kai. Kada ka tilasta wa kanka yawo a ranar farko. Rani daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, damina daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan kuma yakan sauko da yamma. A Disamba da Janairu sanyin dare yana kaiwa kusa da daskarewar ruwa, kuma yawancin gidaje ba su da abin ɗumama ɗaki. Ka tambayi masauki ko akwai ruwan zafi da bargo isasshe; mai alwalar asuba zai gane muhimmancin wannan tambaya.

Ruwan famfo ba na sha ba ne, ko 'yan garin ba sa shan sa. Ana sayar da tataccen ruwa a manyan goruna masu lita 20, su ake kira garrafón. Ciwon ciki shi ne abin da ya fi kwantar da baƙi a garin nan, don haka ka yi hattara da ɗanyen ganye da ƙanƙara a kwanakin farko.

Mataki na 4: Ka san labarin gari, sannan ka taka shi da ƙafa

Rabin sunan garin na Bartolomé de las Casas ne, limamin Katolika da ya iso a 1545 a matsayin bishop, ya ƙi yi wa Sifaniyawa masu bautar da 'yan ƙasa addu'ar yafiya har sai sun saki bayinsu. Suka tsane shi, bai daɗe ba ya bar garin. Mu 'yan Afirka muna da abin tunawa game da shi: a farkon rayuwarsa ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka, daga baya ya rubuta nadamarsa a kan haka. Zaluncin da ya yaƙa bai tafi da wuri ba. Har tsakiyar ƙarni na 20, ɗan asalin ƙasa kan sauka daga gefen titi ya ba farar fata hanya. A ranar 1 ga Janairu 1994, ranar da yarjejeniyar cinikayya tsakanin Meziko da Amurka da Kanada ta fara aiki, mayaƙan ƙungiyar tawaye ta Zapatista da fuskoki a rufe suka kame garin. An yi kwana 12 ana faɗa, sannan aka zauna sulhu a babbar majami'ar garin mai launin rawaya, ƙarƙashin bishop Samuel Ruiz, wanda kabarinsa ke cikinta tun 2011. Wanda ya san wannan, kallon da zai yi wa matar da ke tallar gyale a bakin dandali zai bambanta.

Ka fara daga dandalin Plaza 31 de Marzo. Ka yi arewa zuwa majami'ar Santo Domingo da aka fara ginawa a 1547, ka tsaya ka kalli sassaƙar fuskarta da la'asar, lokacin da rana ke haska ta. Ka dawo kudu zuwa Arco del Carmen, hasumiyar 1677 mai salon Mudéjar, wato ginin da Sifaniya ta gada daga Musulmin Andalus. Ka shiga Na Bolom, gidan Frans Blom da matarsa Gertrude Duby, wadda ta shafe shekaru tana ɗaukar hotunan mutanen Lacandón. Tsofaffin unguwannin kowacce da sana'ar da aka san ta da ita: maƙera a El Cerrillo, masu kyandir a La Merced, magina tukwane a San Ramón. Wanda ya san Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano zai gane tsarin nan take.

Mataki na 5: Abin da za ka sa a ciki

Matsalar Musulmi a nan ta wuce naman alade da ake gani da ido. Kitsensa ne, manteca, wanda ke ɓuya a cikin dakakken wake soyayye, da tamales, da wasu burodi. Ka haddace tambaya biyu: "¿Tiene manteca?" da "¿Tiene puerco?" Wato, akwai kitse? Akwai alade? Ka guji cochito, da jamón, da chorizo. Tortilla ta masara ba ta da illa, masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa aka niƙa. Gidajen abinci na marasa cin nama suna da yawa, ga kifi da ƙwai da fiya.

Abin sha kuwa sai ka zaɓa. Chiapas ce kan gaba wajen noman kofi a Meziko. Akwai tascalate, haɗin gasasshiyar masara da koko da kirfa, akwai pozol, ƙullun masara da ake damawa da ruwa, abincin manoma. Jan ruwan da za ka gani a manyan kwalabe, agua de jamaica, zobo ne, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zobon Najeriya da Sudan. Pox kam barasa ce, ko da an miƙo maka ita da sunan al'ada.

Mataki na 6: Ka nemi 'yan'uwa ranar Juma'a

Tun daga shekarun 1970 aka kori dubban mutane daga ƙauyukan Chamula da ke kusa da San Cristóbal saboda sun bar addinin gari sun koma sababbin coci-coci. Suka zauna a arewacin San Cristóbal. A 1995 wasu Musulmi 'yan Sifaniya na ƙungiyar Murabitun suka iso, wasu daga cikin korarrun suka karɓi Musulunci. Yau 'yan ɗaruruwa ne, sun rabu ƙungiya-ƙungiya, suna da ƙananan masallatai, cikinsu har da na Imam Malik. Za ka ga mace da baƙin zanen ulu na Chamula da hijabi a kai. Ka je a matsayin mai sallah, ka yi sallama, ka tambaye su inda ake samun yankan halal. Kada ka tsoma baki a saɓaninsu, kada kuma ka ɗauki kanka malamin da aka turo. Sun biya addininsu da tsada. Alƙibla a nan arewa maso gabas take.

Mataki na 7: Chamula da Zinacantán

Ƙananan motocin haya, colectivo, suna tashi daga kusa da kasuwa zuwa San Juan Chamula, kilomita 10. Garin yana da shugabanninsa da dogarawansa, kuma dokarsu ake bi. A majami'arsu babu kujeru. Ganyen pino ne shimfiɗe a ƙasa, dubban kyandir na ci, iyalai na zaune suna addu'a da harshen Tzotzil, masu magani na aiki da kaji da ƙwai da lemon kwalba. An haramta ɗaukar hoto a ciki, kuma da gaske suke: za a iya ƙwace wayarka a ci ka tara. A waje ma ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa. In zuciyarka ba ta kwanta da shiga ba, ka tsaya a dandali, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci. Zinacantán garin furanni ne da saƙa, inda mata ke ɗaura masaƙa a ƙugu, ɗaya gefen a jikin ginshiƙi.

Mataki na 8: Ciniki

Riga ɗaya ta hannu, huipil, tana iya cin watanni, don haka kada ka karya mai ita da tayi. Ka fara leƙa Sna Jolobil, ƙungiyar masaƙa mata da ke harabar Santo Domingo, idonka ya koyi bambanta aikin hannu da na inji. Haka ámbar, daskararren ƙaron itace da ake haƙowa a Simojovel: wanda ake talla a titi da arha sau da yawa roba ce ko gilashi. Gidan tarihinsa na La Merced zai nuna maka na gaske. Ka riƙe ƙananan kuɗin peso, domin canji yana wuya.

Mataki na 9: In zama za ka yi

Izinin zama na wucin gadi, daga shekara ɗaya zuwa huɗu, a ofishin jakadanci ake nemansa tun kana waje, da shaidar kuɗin shiga. In ka iso, kana da kwana 30 ka kai bizar hukumar shige da fice, INM, a ba ka kati. Ka kama haya na wata ɗaya kafin ka ɗaure kanka da shekara, ka bincika ko ɗakin na jiƙa da damina da kuma ranakun da famfo ke kawo ruwa. Ka shiga makarantar Sifaniyanci, suna da yawa a garin. Ƙarar da za ta tashe ka da asuba yawanci wasan wutan bikin unguwa ne, ta fi tsanani wajen 25 ga Yuli da 12 ga Disamba. Hanyar zuwa garin Palenque ta Ocosingo kuwa, a bi ta da rana, bayan an tambaya ko masu zanga-zanga sun tare ta. Kada ka ba da kuɗi a kan filin ejido, domin na al'umma ne, ba ya sayuwa da takardar mutum ɗaya. Kuma sashe na 33 na tsarin mulkin Meziko ya hana baƙo shiga siyasar ƙasar, saboda haka in ka ga jerin gwano a dandali, ka tsaya gefe.