Darasi: Yadda Za Mu Gyara Hotunan da Muka Ɗauka da Waya

A da, wanda yake son hoto sai ya jira mai hoto ya zo ranar biki, a kai fim birni a wanke, bayan mako ɗaya ko biyu a kawo. Yanzu kusan kowace unguwa akwai mai wayar da take ɗaukar hoto. Zumuntar mata suna ɗaukar hoton amfanin gonarsu, kwamitin rijiya suna aika hoton aiki tare da rahoto, manomi yana aika hoton ganyen masara ga malamin gona. Amma sau da yawa hoton yakan fito da duhu, ko a karkace, ko kuwa abin da ake so a nuna ya ɓace a cikin tarkace. A wannan darasi za mu koyi yadda ake gyara irin waɗannan hotuna, da kuma inda ya kamata gyara ya tsaya.

Me ke cikin hoton waya?

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, kamar ƙwayoyin gero da aka shanya a tabarma. Kowane ɗigo ana kiransa fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Hoto mai megafiksel 12 yakan zama ɗigo 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. Abin da manhajar gyara hoto take yi shi ne ta canza haske da launin waɗannan ɗigo, ko ta yanke wasu ta zubar. Saboda haka abin da kyamara ba ta kama ba tun farko, manhaja ba za ta iya dawo da shi da gaskiya ba.

Wace manhaja za mu yi amfani da ita?

Wadda ta fi suna ita ce Photoshop, wadda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1990. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara. Ga bukatarmu ta ƙauye, na kyauta sun isa. A waya akwai Snapseed, wadda kamfanin Google ya saya a 2012. Da zarar an sauke ta, ana iya gyara hoto da ita ba tare da data ba. A kwamfuta akwai GIMP, ita ma kyauta ce. Ban da waɗannan, yawancin wayoyi suna da wurin gyara a cikin ma'ajiyar hotuna, sau da yawa da alamar fensir.

Kafin a ɗauka

Rigakafi ya fi magani. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura take yawa. Mai ɗauka ya sa rana a bayansa ko a gefensa. Safiya da la'asar sun fi tsakar rana, domin ranar tsaka tana jefa inuwa a idanun mutane. Idan abin yana nesa, a matsa kusa da ƙafa. Jawo shi da yatsu a fuskar waya yakan sa hoton ya dushe.

Matakai shida na gyara

1. A ajiye na asali. Kada a yi gyara a kan hoto guda ɗaya tak da ake da shi. A yi kwafi, a yi aiki a kan kwafin. Yawancin hotuna irin JPEG ne, kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa, yana rasa ɗan kyansa.

2. A miƙe hoton. A duba bangon gini, ko sandar wuta, ko inda sama ta haɗu da ƙasa. A juya hoton kaɗan-kaɗan har layin ya tsaya daidai.

3. A yanke abin da ba a bukata. Idan rijiya ake so a nuna, ba sai rabin hoton ya zama fili da awaki ba. Amma a yi hankali. Idan aka yanke rabin tsawo da rabin faɗi, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigon ne ya rage. Hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 da 1,800 kafin ya fito sarai a takarda.

4. A daidaita haske. Wannan ita ce matsalar da ta fi damunmu. Idan mutum ya sa farar riga a rana, kyamara takan rage haske saboda rigar, sai fuska ta yi duhu. Idan muka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, rigar za ta zama fari fat, ko aikin da ke wuyanta ba za a gani ba. Abin da ya fi shi ne a nemi ma'aunin inuwa a ɗaga shi, a nemi na wurare masu tsananin haske a rage shi. Ta haka fuska za ta fito, riga kuma ba ta ƙone ba.

5. A gyara launi. Hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin fitila yakan yi ja ko rawaya, na cikin inuwa kuma yakan yi shuɗi-shuɗi. A nemi wani abu da muka san fari ne a cikin hoton, kamar takarda ko hula, a matsa ma'aunin ɗumin launi har ya koma fari. Kada a cika launi har ganye ya zama kamar an shafa masa fenti.

6. A ƙara kaifi kaɗan, daga ƙarshe. Wannan yana fito da gefen abubuwa. Idan ya yi yawa, fuska za ta yi kaushi kamar an watsa mata yashi. Hoton da hannu ya girgiza a lokacin ɗauka kuwa, gara a sake ɗauka.

Bayan kowane mataki, a kwatanta da na asali. Idan wanda ya san wurin ya ce, “Ai ba haka yake ba,” to gyaran ya wuce gona da iri.

Tsofaffin hotunan gida

Hotunan aure da na kakanni da suka koɗe ana iya cetonsu. A fitar da hoton daga gilashi idan bai manne ba, a shimfiɗa shi a inuwa mai haske, a kashe wutar kyamara, a riƙe waya daidai bisa kansa a ɗauka. Sa'an nan a ƙara bambancin haske da duhu, a share tabo da karce da abin goge tabo da ke cikin manhajar. A ba 'yan'uwa kwafi, domin gara da ruwan sama ba sa barin takarda.

Aikawa

WhatsApp yana rage girman hoto domin ya rage cin data. Idan hoton na bugawa ne, a aika shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake. Amma mu sani, hoton da aka aika haka yana iya ɗauke da rana da wurin da aka ɗauke shi, idan an kunna alamar wuri a waya.

Inda gyara zai tsaya

Gyara domin a ga gaskiya sosai daban, gyara domin a ɓoye ta daban. A 2006, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa wani mai ɗaukar masa hoto ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut lokacin yaƙi. Kamfanin ya rabu da shi, ya kuma janye hotunansa sama da 900. Ƙarya ɗaya ta ɓata aikin shekaru.

Mu ma haka ne. Idan bangon aji ya tsage muka share tsagar a hoton rahoto, ba wanda zai kawo gyara, kuma yaranmu ne suke zama a ƙarƙashinsa. Idan muka ƙara kore a hoton masara, malamin gona ba zai ga rawayar da take farawa daga bakin ganyen ƙasa ba, wadda sau da yawa alamar ƙarancin taki ce. Hoton cuta ko na ɓarnar tsutsa, a yanke shi, a miƙe shi, amma kada a taɓa launinsa. Haka ma hoton fasfo da na katin shaida, ba a canza kamannin fuska.

Sababbin wayoyi suna da ƙirƙirarriyar basira da take iya cire mutum daga hoto, ko ta sa abin da babu. A hoton wasa babu laifi idan kowa ya sani. A hoton rahoto ko na shaida, kada mu yi. Kuma kada mu yarda matasa su riƙa haskaka fatarsu a hoto kamar baƙar fata aibu ce.

Abu na ƙarshe, a nemi izini. Kada a ɗauki hoton mara lafiya, ko gwauruwa tana karɓar taimako, ko yaro, ba tare da yardarsu ko ta iyaye ba. A gaya musu inda hoton zai je.

Aikin rukuni

Ku taru mutum huɗu ko biyar da waya ɗaya. Ku ɗauki hoton mutum mai farar riga da tsakar rana, ku sake ɗauka a inuwar bishiya. Ku bi matakai shidan nan a kan kowanne, sa'an nan ku tattauna:

1. Wanne ne ya bukaci gyara kaɗan, kuma me ya sa?
2. Waɗanne hotuna ne a ƙauyenmu bai kamata a canza launinsu ba?
3. Wa zai riƙa ajiye hotunan asali na ayyukan ƙungiyarmu, kuma a ina?