Laifin Wane Ne? Darasi A Kan Naƙasa Da Doguwar Jinya

Karatu: Yahaya 9:1-7 da 2 Korantiyawa 12:7-10



Wata 'yar'uwa daga Maamobi, cikin birnin Akra, ta rubuto mana wasiƙa. Maigidanta direban trotro ne. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An sallame shi daga asibiti, amma ko ƙofar gida ya ƙi leƙawa. Dangi sun yi ta zuwa dubiya, kowa da tasa maganar. Wani ya ce jifa ne. Wata ta ce a bincika da kyau, wataƙila alhakin wani ne ya kama shi. Yanzu shi kansa ya fara gaskata su. 'Yar'uwar tana tambaya, me za ta faɗa masa?

'Yar'uwa, wannan magana ta dangi ba sabuwa ba ce. A karatunmu na yau, Yesu da almajiransa sun tarar da wani mutum da aka haifa makaho, yana zaman bara. Almajiran ba su tambayi sunansa ba, ba su tambaya ko ya ci abinci ba. Abin da suke so su sani kawai shi ne, zunubin wa ya jawo masa wannan, nasa ko na iyayensa? Ku lura, a gabansa suke wannan muhawara, kuma makaho ba kurma ba ne. Yana jinsu. Yesu ya ture zancen laifi gaba ɗaya. Ya nuna musu cewa ba hukunci ake yi wa mutumin ba, Allah yana da aikin da zai bayyana a rayuwarsa. Su suna haƙa baya suna neman mai laifi, shi kuwa yana duban abin da ke gaba.

A nan ƙarfin zuciyar mai bi yake farawa. Muddin mutum yana ɗauka cewa ciwonsa bulala ce daga wurin Allah, ba zai tashi ba, domin wa zai yi kokawa da hukuncin Allah? Amma ranar da ya gane cewa Allah bai juya masa baya ba, tambayarsa takan canja. Yakan daina cewa me na yi, ya koma cewa me zan yi da abin da ya rage mini.

Bari in ba ku labarin wani ɗan ƙasar nan. An haifi Emmanuel Ofosu Yeboah a 1977 a yankin Koforidua, ƙafarsa ta dama a lanƙwashe, ba ta takawa. Mutane suka ce la'ana ce, mahaifinsa ya bar gida. Mahaifiyarsa Comfort ta ƙi yarda da wannan hukunci. Sunan da ta raɗa masa ma wa'azi ne, gama ma'anarsa Allah yana tare da mu. Ta riƙa goya shi zuwa makaranta, da ya yi mata nauyi sai ya koma tafiya da tsalle a kan ƙafa ɗaya. Yana da shekara 13 ya sauko Akra yana aikin shushaina domin ya taimaki gida. A jajibirin Kirsimeti na 1997 mahaifiyar ta rasu. A 2001, da keken da wata ƙungiyar 'yan wasa naƙasassu ta Amurka ta aiko masa, ya yi tafiyar kusan kilomita 600 cikin Ghana, yana tuƙi da ƙafar hagu kaɗai. A gaban rigarsa ya rubuta kalmar nan "Pozo" da ake tsokanar guragu da ita. Duk garin da ya shiga sai jama'a su fito kallo, har da naƙasassun da aka saba ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. An yi fim a kan rayuwarsa a 2005, kuma muryarsa na cikin muryoyin da suka matsa har majalisa ta zartar da Dokar Naƙasassu, wato Doka ta 715, a 2006.

Ni dai a wannan labari, Comfort ce ta fi tsaya mini a rai, ba keken ba. Yaron bai tsinci ƙarfin zuciya a hanya ba. Wata ce ta shuka masa shi, a lokacin da dukan unguwa ke faɗin akasin haka. Ke ma, 'yar'uwa ta Maamobi, wurin da kike tsaye ke nan.

Sai dai kada mu ruɗi juna. Ƙarfin zuciya ba ƙarya ba ce. Akwai masu koya wa majinyaci cewa kada ya kuskura ya ce yana ciwo, wai furta hakan rashin bangaskiya ne. Akwai masu cewa a zubar da magani a tafi sansanin addu'a, kuma mun san a wasu irin waɗannan wurare an ɗaure marasa lafiya da sarƙa, an hana su abinci da sunan azumi. Wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Manzo Bulus bai ɓoye wahalarsa ba, ya kira ta ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ita. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alheri mai isa, da tabbacin cewa ikon Allah ya fi fitowa fili a inda mutum ya gaza. Makahon Yahaya 9 ya warke, Bulus bai warke ba, kuma dukansu biyu Allah ya yi aiki da su. Saboda haka mai hawan jini ya sha maganinsa kullum, ya je gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi yadda likita ya ce. Mai sikila ya kiyaye ranar ganin likita, ya yawaita shan ruwa. A sabunta katin inshorar lafiya kafin ya mutu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne.

Ga kuma wani da bai warke ba. Andrew Foster baƙar fata ne daga jihar Alabama ta Amurka, an haife shi a 1925. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya bar shi kurma. Ya yi karatu, ya ji kiran Allah zuwa Afirka, amma ƙungiyoyin mishan na lokacin suka ƙi ɗaukarsa saboda launin fatarsa. Sai ya kafa tasa. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, ya buɗe makarantar kurame a Osu, nan cikin Akra, ba nisa da Nima, daga baya aka mayar da ita Mampong a Akuapem. Kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantun kurame sama da 30 a ƙasashen Afirka. Da kunnensa ya buɗe tun yana yaro, anya zai tuna da kuramen Afirka?

Yanzu magana ta zo kanmu, mu ikilisiya. Yana da sauƙi mai ƙafa biyu ya ce wa gurgu ya yi ƙarfin hali. Duk wanda ya san Nima da Maamobi ya san lungunanmu, wani ma mutum biyu ba sa wucewa a jere, ga kwatoci a buɗe, ga babbar magudanar da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu. Ta ina keken guragu zai bi? Doka ta 715 ta ba da shekara 10 a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasasshe zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2016, amma ku dubi matakalar majami'arku ranar Lahadi mai zuwa. Waɗanda kuma muke gani suna bara a bakin titi da kasuwar Nima, da yawansu Hausa suke yi kamar mu, wasu daga Nijar, wasu daga Najeriya. Kada mu ɗauki labarin Emmanuel mu mai da shi sandar dukansu. Ba mu san abin da ya fito da su ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna ba su sadaka, musamman ranar Juma'a, mu ma mukan jefa musu ɗan canji. Amma mu nawa muka taɓa tsayawa muka gaisa da ɗayansu, muka san sunansa?

To, 'yar'uwa, ga abin da za ki yi. Ki karanta wa maigida Yahaya 9 a hankali, ki bar shi ya ji amsar Yesu da kunnensa. In ya yi kuka ki ƙyale shi ya yi, mutumin da ya saba ciyar da gida yana da abin yi wa kuka. Dangi masu zancen jifa, ki karɓe su da ladabi, amma ki roƙe su kada su ƙara yin wannan zance a ɗakinsa. Kada ki yi masa duk abin da hannun hagu zai iya yi, ko da zai ɗauki lokaci. Ki riƙa neman shawararsa a kan kuɗin makarantar yara da sha'anin gida kamar dā, gama har yanzu shi ne maigida. Ki gaya wa fasto ya turo maza biyu masu ƙarfi su fito da shi ƙofar gida da yamma, ya ga mutane, su gan shi. Mako na farko ƙofar gida ta isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Addu'a: Ya Uba, muna kawo maka ɗan'uwanmu na Maamobi da matarsa, da duk wanda ke kwance a Korle Bu ko a ƙuryar ɗaki cikin zangonmu. Ka toshe kunnuwansu ga masu neman laifi, ka ba likitocinsu hikima, ka ba masu jinyarsu haƙuri. Ka nuna wa kowannenmu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a wannan mako. Cikin sunan Yesu, amin.